KOYAR DA YARO A GIDA KAFIN YA SHIGA FIRAMARE, DA YADDA AKE LURA DA CI GABANSA

GABATARWA

A kowace shekara, idan lokacin ɗaukar sababbin yara ya zo, malaman aji ɗaya na firamare sukan sami yara iri biyu a gabansu. Akwai yaron da zai shigo ya gaida malami, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya zauna ya saurari labari har ƙarshe, in kuma an ba shi fensir ya san yadda zai riƙe shi. Akwai kuma tsaransa wanda bai taɓa riƙe abin rubutu ba, in an yi masa tambaya sai ya sunkuyar da kai, ya rasa abin da ake nufi. Sau da yawa akan yi gaggawar cewa na farkon haziƙi ne, na biyun kuwa daƙiƙi. Alhali kuwa abin da ya raba su shi ne irin shirin da kowannensu ya samu a gida cikin shekara biyu ko uku da suka wuce.

Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da ya fara makaranta a baya yakan daɗe yana bin 'yan ajinsu, wani har ya gaji ya bar karatun, a ce ba shi da rabo. Saboda haka aka shirya wannan ɗan littafi domin iyaye maza da mata, da kakanni, da yayye, da duk wanda rainon yaro ɗan shekara 4 zuwa 5 yake hannunsa. Ya ƙunshi abu biyu, watau abin da ya kamata a koya wa yaro a gida, da kuma hanyar da za a bi a tabbatar ko koyarwar tana shiga.

1. MATSAYIN ILMIN ƘANANAN YARA A NIJERIYA

A cikin watan Satumba na 1976, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowane yaro, wanda aka sani da UPE. A 1977 aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda ta ambaci ilmin yara 'yan shekara 3 zuwa 5 a matsayin share fagen shiga firamare, ta kuma ce a yi musu koyarwa da harshen uwa ko harshen jama'ar da suke zaune a ciki. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, aka kafa masa doka a 2004. Bugun Manufar Ilmi na 2013 ya sanya shekara ɗaya ta share fage a gaban shekara shida na firamare, domin yara 'yan shekara 5.

Duk da haka, akwai ƙauyuka da unguwanni da yawa inda babu ajin share fage kusa, akwai kuma iyayen da ba su da halin biyan kuɗin makarantun kuɗi. Ga irin waɗannan iyalai gida shi ne ajin share fagen. Ko inda akwai ajin ma, sa'o'i kaɗan yaro yake yi a cikinsa, sauran yinin duka a gida yake.

Amma fa lalle ne a fahimci iyakar wannan aiki. Koyarwar gida shiri ce ta shiga makaranta, ba ta ɗauke wa kowa nauyin kai ɗansa makaranta. Dokar 2004 ta ɗora wa iyaye da masu riƙo alhakin tabbatar da cewa yaro ya shiga firamare da ƙaramar sakandare, ya kuma gama su, watau shekara 9 ke nan, ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya ƙi. Wannan ya shafi 'ya mace daidai da ɗa namiji.

2. YADDA ƘARAMIN YARO YAKE KOYO

Masana lafiya sun nuna cewa kafin yaro ya cika shekara 6 ƙwaƙwalwarsa takan kai kimanin kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum. A cikin waɗannan shekaru ne yake ɗaukar harshe da ɗabi'a cikin sauri irin wanda ba zai sake samu ba. Hausawa sun riga sun faɗi haka da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, amma ƙaramin yaro ba ya koyo irin na babba. Shi da hannunsa da idonsa da bakinsa yake koyo: ya taɓa, ya jera, ya rushe, ya yi tambaya, ya kwaikwayi manya. Wani malami mutumin Jamus mai suna Friedrich Froebel shi ne ya kafa makarantar ƙananan yara, ya sa mata suna Kindergarten a 1840, watau lambun yara, domin ya ɗauki yaro kamar shuka mai bukatar ban ruwa da kulawa, ya kuma gina koyarwarsa bisa wasa da waƙa da aikin hannu. A 1907 wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe gidan koyar da 'ya'yan talakawa a birnin Rum. Babban abin da ta dogara a kansa shi ne malami ya zuba ido ya lura da abin da yaro yake yi, sa'an nan ya ba shi aikin da ya dace da matsayinsa.

Waɗannan ƙa'idodi biyu, watau wasa da lura, ba su bukatar kayan Turai. Duk gidan da ke da tsakuwa da kara da marfin kwalba da gawayi da babban mutum mai haƙuri, yana da abin da ake bukata.

3. ABUBUWAN DA ZA A KOYA WA YARO

(a) Magana da sauraro. Wannan shi ne tushen duk sauran karatu, gama yaron da bai san kalma a baki ba, ba zai gane ta a takarda ba. A riƙa yi wa yaro magana sosai cikin harshen gida. Uwa tana tuwo tana gaya masa abin da take yi: ga gari, ga ruwan zafi, yanzu za a talga, sa'an nan a tuƙa. Uba ya tafi da shi gona ko kasuwa, yana faɗa masa sunayen itatuwa da dabbobi da kayan sana'a. Da dare a yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, bayan an gama a tambaye shi wa ya yi kaza, me ya sa ya yi, me ya faru daga baya. Washegari a ce shi ma ya ba da ita. Kacici-kacici da waƙoƙin wasa suna kaifafa kunne da tunani. In yaro ya yi tambaya a ba shi amsa, kada a ce ya cika surutu. Yaron da harshen gidansu ya zauna masa sosai yakan fi samun sauƙin ɗaukar Turanci ko Larabci daga baya.

(b) Ƙidaya. Yaro yana iya rera ɗaya, biyu, uku har ashirin kamar waƙa, alhali bai san abin da biyar take nufi ba. Ƙidayar gaskiya tana da sharuɗɗa uku. Na farko, ya faɗi lambobin bi da bi ba tsallake. Na biyu, ya taɓa abu ɗaya ga kowace lamba, kada ya ƙirga abu sau biyu, kada kuma ya bar wani. Na uku, ya gane cewa lambar da ya faɗa a ƙarshe ita ce yawan abin duka. A gwada shi da tsakuwa biyar. In ya ƙirga, aka ce masa nawa ne, ya ce biyar, to ya gane. In kuwa ya sake komawa ƙirgawa daga farko, da saura. A riƙa aikensa ya kawo cokali uku, ya raba ƙosai shida tsakaninsa da ƙanwarsa, ya ƙirga awaki in sun dawo kiwo. A sa shi ya ware wake daga masara, ya jera ƙwarya daga ƙarama zuwa babba, ya nuna dogo da gajere, mai nauyi da maras nauyi. Amma a kiyaye kada ƙananan abubuwa irin su wake da tsakuwa su kai hannun jariri, ko yaro ya cusa su a hanci ko kunne.

(c) Horar da hannu. Kafin yaro ya iya rubutu sai yatsunsa sun yi ƙwari. Ginin tuwon ƙasa, da ƙera shanu da yumɓu, da haɗa motar kara, da ɓare gyaɗa, da zura duwatsun wuya a zare, da 'yar carafke, duk horon hannu ne. A bar shi ya yi zane a kan rairayi da yatsa, sa'an nan da gawayi ko alli a kan allo ko kwali, daga baya a ba shi fensir. Zane yana da matakai da yara suke bi: da'ira tun suna wajen shekara 3, layi biyu da suka gitta juna wajen shekara 4, sai murabba'i mai kusurwa huɗu, sa'an nan mai kusurwa uku wajen shekara 5 ko 6. Kimanin mutum ɗaya cikin goma bahago ne. In yaro ya fi son riƙe fensir da hagu a bar shi, domin tilasta shi canja hannu yakan jawo masa wahala da ƙin rubutu.

(d) Haruffa. Hausa tana da sauƙin koyon karatu, domin galibi yadda ake faɗa haka ake rubutawa. A fara da kunne tukuna: a ce yaro ya tafa hannu ga kowace gaɓa ta kalma, kamar gi-da, ko ta-bar-ma, ya kuma faɗi kalmomin da suka fara da sauti ɗaya, kamar kaza da kare da kifi. Daga nan a nuna masa wasula biyar, a, e, i, o, u, sa'an nan a haɗa su da baƙi ɗaya, ba, be, bi, bo, bu. Kalmar farko da ta fi jan hankalin kowane yaro ita ce sunansa, saboda haka a rubuta masa shi da manyan haruffa a manna inda zai riƙa gani. Harafi ɗaya ko biyu a mako ya isa. A sa shi ya ji bambancin da ke tsakanin bari da ɓari, ko kafa da ƙafa, tun kafin a nuna masa haruffa masu lanƙwasa. Yaron da ke zuwa makarantar allo ya riga ya san cewa alama a kan allo tana ɗauke da sauti, wannan kuwa babban taimako ne. Sai dai a bayyana masa cewa rubutun Larabci da ajami daga dama suke tafiya zuwa hagu, boko kuma daga hagu zuwa dama.

(e) Tarbiyya da kula da kai. Malamin aji ɗaya yana iya samun yara da yawa a gabansa, ba zai iya yi wa kowa hidima ba. Saboda haka a koya wa yaro gaisuwa, da jiran layi, da neman izini, da mayar da abu inda ya ɗauko shi, da sa rigarsa da takalmansa, da zuwa bayan gida shi kaɗai, da wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan ya kewaya. Ya san cikakken sunansa, da sunan iyayensa, da sunan unguwarsu.

(f) Motsa jiki. Langa da guje-guje da ɓuya da gaɗa da jifan ƙwallo suna ƙarfafa jiki, suna kuma koya wa yaro bin ƙa'idar wasa da haƙuri in an cinye shi.

4. TSARIN YINI

Ba a bukatar mayar da gida makaranta mai ƙararrawa. Yaro ɗan shekara 5 yakan iya tsayar da hankalinsa a kan aiki ɗaya na kimanin minti 5 zuwa 10. Don haka zama biyu ko uku gajeru a yini sun fi zama ɗaya mai tsawo amfani. Ga misalin tsarin da kowane gida zai iya gyarawa daidai da halinsa:

Da safe bayan karin kumallo: ƙidaya ko ware abubuwa, minti 10.
Da hantsi: wasa da sauran yara, da taya manya ƙananan ayyuka.
Da la'asar: zane ko haruffa, minti 10.
Da dare: tatsuniya ko karanta masa littafi mai hotuna.

In an ga yaro ya soma hamma ko waige-waige, a tsaya ko da lokacin bai cika ba. Kada a zaunar da shi yana jin yunwa ko barci ko zazzaɓi.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari game da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ta ce 'yan shekara 3 zuwa 4 su sami aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, su yi barcin sa'a 10 zuwa 13, kada kuma zamansu gaban talabijin ko wayar hannu ya wuce sa'a 1, in ya gaza haka ya fi kyau. Wayar hannu tana iya sa yaro ya yi shiru, amma ba ta amsa masa tambaya, ba ta kuwa lura da inda ya kasa.

5. LITTAFIN LURA

Mata da yawa sun san katin awo da ake ba su a asibiti, inda ake sa alamar nauyin jariri wata bayan wata. Wannan kati yana da tarihi a Nijeriya. Wani likita Bature mai suna David Morley, wanda ya yi aiki a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile cikin Jihar Osun ta yanzu tun daga ƙarshen shekarun 1950, shi ne ya tsara irinsa, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Hikimar katin ita ce awo ɗaya ba ya nuna kome sosai. Abin da ake dubawa shi ne ko layin yana hawa daga wata zuwa wata. Kuma a hannun uwa ake barin katin.

Haka ya kamata a yi da karatun yaro. Wanda yake tare da yaro kullum ba ya ganin girmansa, tunani kuma yana mantuwa. Saboda haka a sayi littafin rubutu guda ɗaya na 'yan makaranta, a keɓe shi ga yaro ɗaya. A shafin farko a rubuta sunansa da ranar haihuwarsa. Sa'an nan a bi waɗannan ƙa'idodi:

Na ɗaya, a sa kwanan wata a kan kowane abin da aka rubuta.

Na biyu, a rubuta abin da ido ya gani ko kunne ya ji, ban da yabo ko zargi. Kalmomi kamar "yana da ƙoƙari" ko "ba ya jin magana" ba za su amfani kowa ba bayan wata uku. Abin da ke da amfani shi ne irin wannan: "Ya ƙirga tsakuwa 7 daidai, daga 8 ya rikice." Ko kuwa: "Ta ba da tatsuniya da farko da tsakiya, ta manta ƙarshen." Ko: "Ya gane harafin farko na sunansa a jikin buhu."

Na uku, a ware shafi ga kowane fanni na shida da aka ambata a baya, a jera abubuwan da ake son yaro ya iya. A gaban kowane a riƙa sa alama iri uku: da'ira in bai fara ba, layi ɗaya in yana yi da taimako, layi biyu in yana yi shi kaɗai. Kada a sa layi biyu sai an ga ya yi abin sau uku a ranaku dabam dabam, domin yaro yakan dace yau ya kasa gobe.

Na huɗu, sau ɗaya a wata a ba shi takarda a ce ya zana mutum, ya kuma rubuta sunansa yadda ya iya. A sa kwanan wata a adana. Bayan wata shida in an jera takardun za a ga yadda mutumin da ya fara da kai da ƙafafu kawai ya sami jiki da hannuwa da yatsu.

Na biyar, a ƙarshen kowane wata uwa da uba su zauna su duba littafin tare, su zaɓi abu biyu ko uku da za a mayar da hankali a kansu a wata mai zuwa. Abubuwan da ke da layi ɗaya su ne suka fi dacewa, domin su ne yaro yake dab da iyawa.

Rubutu biyu ko uku a mako sun isa. Kada yaro ya san ana gwada shi, a yi lurar cikin wasa da aiki. Iyayen da ba su iya boko ba suna iya rubutawa da ajami, ko su sa yayan yaron da ke makaranta ya rubuta abin da suka faɗa, su kuma su riƙa sa alamomin da hannunsu. Wannan ma dalili ne mai kyau na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Babbar ƙa'idar da ta fi duka ita ce, ana auna yaro da kansa ne, watau yadda yake yau da yadda yake watan jiya. Ɗan maƙwabta ba ma'auni ba ne, haka ma yayansa ko ƙaninsa.

6. ABIN DA YAWANCIN YARA SUKAN IYA

Ko da yake kowane yaro da tafiyarsa, ma'aikatan lafiyar yara suna da alamomin da yawancin yara sukan kai gare su a kowace shekara. Ana amfani da su a matsayin jagora.

Ɗan shekara 4 yakan haɗa jimla mai kalma huɗu ko fiye, baƙo ya gane yawancin maganarsa. Yakan faɗi wani abu da ya faru da shi a yinin, ya ambaci sunan wasu launuka, ya cafe babbar ƙwallo, ya zana mutum mai gaɓoɓi uku ko fiye, ya yi wasan kwaikwayon uwa ko malami ko direba.

Ɗan shekara 5 yakan ƙirga har 10, ya ba da labari mai aƙalla abu biyu da suka faru bi da bi, ya amsa tambaya a kan labarin da aka ba shi, ya rubuta wasu haruffan sunansa, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya ɓalla wasu maɓallan rigarsa, ya jira har yinsa ya zo a wasa.

Akwai kuma abubuwan da iyaye sukan ɗauka kasawa ce alhali ɗabi'ar shekarun ce. Juya harafi, kamar rubuta b a madadin d, abu ne da aka saba gani har wajen shekara 7, balle ga mai koyon Hausa da zai haɗu da b da d da ɓ da ɗ. Har wa yau, in aka jera tsakuwa biyar biyar a layi biyu, sa'an nan aka baza layi ɗaya ya yi tsawo, yawancin 'yan shekara 4 da 5 za su ce mai tsawon ya fi yawa. Masanin nan na ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, shi ne ya shahara da wannan gwaji. Yaro yakan wuce wannan mataki da kansa wajen shekara 6 ko 7.

7. LOKACIN DA ZA A TAFI ASIBITI

A nan ne amfanin littafin lura ya fi fitowa. Yara da yawa da aka yi wa laƙabi da taurin kai ko daƙiƙanci, larurar kunne ko ido ce take damunsu, ba wanda ya gane. Ƙyanda da sanƙarau da ciwon kunne mai fitar da mugunya suna iya rage wa yaro ji. Ƙarancin jini da tsutsar ciki da rashin isasshen abinci mai gina jiki suna sa kasala da rashin tsayar da hankali. Dundumi, watau rashin gani da magariba, yakan nuna ƙarancin bitamin A.

A kai yaro wurin ma'aikacin lafiya, a tafi da littafin, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

ba ya waiwayowa in an kira shi daga baya, ko kullum sai an maimaita masa magana;
yana kai abu dab da idonsa, ko yana ƙanƙance ido, ko idonsa ɗaya ya karkace;
ya cika shekara 4 amma mutanen waje ba su gane maganarsa;
ba ya kula da sauran yara, ba ya haɗa ido, ba ya amsa sunansa;
ya manta abin da ya riga ya iya, kamar magana ko tafiya daidai;
an yi wata uku ana koyarwa, littafin bai nuna wani motsi a kowane fanni ba.

I'ina takan bayyana tsakanin shekara 2 da 5, yara da yawa kuma sukan rabu da ita. A saurari yaro da haƙuri har ya gama maganarsa, a hana yara yi masa dariya. In ta daɗe ko tana ƙaruwa a nemi shawarar asibiti. Larurar da aka gano tun yaro yana ɗan shekara 4 ta fi sauƙin magani ko samun dabara bisa wadda aka gano yana aji uku, bayan an sha dukansa a kan abin da ba laifinsa ba.

8. KURAKURAN DA ZA A GUJE WA

Duka da tsawa a kan karatu suna koya wa yaro tsoron littafi. Yaron da ke jin tsoro yakan daina gwadawa, wanda ba ya gwadawa kuwa ba ya koyo. In ya yi kuskure a nuna masa daidai cikin murya mai taushi, a sake gwadawa gobe.

Gaggawa ma kuskure ce. Wasu iyaye sukan so ɗan shekara 4 ya cika shafi da rubutu, ko ya haddace lissafin sau, domin a nuna wa baƙi. Haddar da ba fahimta ba ta daɗewa. Sannu ba ta hana zuwa.

Haka nan kuskure ne a zaunar da ɗa namiji ana koya masa, a bar 'ya mace da raino da talla. Kuskure ne kuma uba ya ɗauka wannan aikin mata ne kaɗai. Minti goma da uba zai ba ɗansa bayan ya dawo aiki suna da daraja ƙwarai a idon yaro.

9. MIƘA YARO GA MAKARANTA

Shekarar shiga firamare ita ce 6. A da, da yake ba a cika rubuta ranar haihuwa ba, akan ce yaro ya ɗora hannunsa bisa kansa ya kamo kunnensa na ɗaya gefen, in ya kai sai a ɗauke shi. Yanzu takardar haihuwa ce shaida, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce kuwa take ba da ita. Duk wanda bai yi wa ɗansa rajista ba ya nemi ofishinta mafi kusa, ko ya yi tambaya a asibitin da ake rigakafi. Inda makarantar firamare ta gwamnati take da ajin share fage, a sa yaro tun yana ɗan shekara 5, a ci gaba da koyarwar gida tare da ta makaranta.

Kafin ranar buɗe makaranta a kai yaro ya ga wurin, ya san hanya, ya ga ajinsu da bayan gida. A ranar rajista uba ko uwa su tafi da littafin lura da zanen da aka adana, su nuna wa hedimasta ko malamin aji. Cikin 'yan mintoci malami zai san abin da yaro ya iya, da inda yake bukatar taimako, da kowace larura ta ji ko gani da ta sa ya kamata a zaunar da shi a layin gaba. Bayan haka kada a jefar da littafin. A ci gaba da rubutu a ciki, a riƙa kai shi makaranta a ƙarshen kowane zango, domin gida da makaranta su riƙa tafiya da murya ɗaya a kan tarbiyyar yaron da karatunsa.